Yadda Bakina Ya Kusa Hana Basine Hawan Arfa

Tun da na dawo daga Makka ban yi aski ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai zauna, in jiƙa masa kai, in ɗora aska, sai ya waiwayo ya ce, Alhaji Haruna, wai da gaske ne ruwan teku ba ya shawuwa? Sau biyu ina kusa raba Sarkin Pawa da kunnensa saboda irin wannan waiwaye. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin sau ɗaya da ɗan bokon da na tsinta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi wanzancina. Akwai kuma wani abu da ban taɓa faɗa a gindin durumin nan ba, don na kunya ne. Rabi matata ta ce in na tsallake shi ita za ta ba da shi a gidan suna, kuma kun san ta.

Mun tashi daga Ringim bayan an kau da amfanin gona, 'yan shekaru bayan gama yaƙin Turawa na biyu. Mu uku ne: ni da Rabi da maƙwabcinmu Malam Tanimu mai ɗinkin hula, mutum mai yawan ibada, mai saurin fushi, wanda magana ba ta kwana a cikinsa. Daga Kano mota ta kwashe mu zuwa Yarwa a kan buhunan goro. Daga Yarwa muka gangara Fallomi, ƙasar Faransa, inda kowa ke yi maka magana da hanci. Ban ɗauki guzuri mai yawa ba. Zabirata ce guzurina, don duk inda ɗan Adam yake gashi na fito masa.

Zabirar nan ce ta fara jawo mini magana a kan iyakar Sudan, wajen Janaina. An jera mu a rana ana duba dantsen kowa a ga tabon lamba, wanda ba shi da shi a yi masa nan take. Da aka zo kan kaya, wani dogon ma'aikaci ya zazzage zabirar a ƙasa, ga asake, ga ƙahonni, ga 'yar tsaga. Ya ɗaga ƙaho ɗaya yana jujjuyawa, ya kira 'yan'uwansa, suka tsaya suna duban mu kamar sun kama matsafa. Larabcina a lokacin bai wuce na salla ba. Da na ga bayani ba zai yiwu ba, sai na nuna masa ƙeyarsa, na nuna tabarma. Allah ya taimake ni, ashe mutumin ya kwana uku da ciwon kai. Na kafa masa ƙaho biyu, na zuƙe baƙin jini na nuna masa. Ya tashi yana murza wuya yana murmushi, ya buga mana hatimi ba tare da ya buɗe ƙunshin Rabi ba.

Tsakanin Janaina da Fashir mun fi turin mota fiye da hawanta. Yashi ne, sai a sauko, a shimfiɗa faifan ƙarfe a gaban taya, a tura, a ɗauko faifan a sake kai shi gaba. Malam Tanimu ya ce shi bai bar gida don ya zama jakin mota ba, direba ya ce to ya zauna a nan ya jira raƙumi. Ya tura. A Lubayya muka samu jirgin ƙasa har Madani, muka yi wata huɗu a can ina aski, Rabi tana ƙosai. Hausawa a Madani ba a magana. Can ana kiranmu Fallata. Na aske wani tsoho da aka haifa a garin, ubansa ma a nan aka binne shi, amma da na tambaye shi ko nan ne gida sai ya ce a'a, su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Abincinsu kuwa wata aba ce kisira, fale-fale kamar takarda, ana dangwala ta a miyar kuɓewa. Rabi ta ce tuwo ne aka yi wa guga. Ta rantse ba za ta saba da ita ba, kafin mu tashi ta fi matan garin iya yi.

A Sawakin, bakin Bahar Maliya, aka tsare mu a karantina, ana yi mana allura ana jiran jirgin ruwa. Nan Rabi ta je bakin ruwa wanke ƙafa ta taka wani farin dutsen teku mai kaifi, ya yanke ta a diddigen dama. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na duba na ce ba komai, na sa mata gishiri na ɗaure da tsumma. Na faɗa da irin muryar da nake faɗa wa mutane magana a gida, muryar wanda ya gaji sana'a tun kaka da kakanni.

Jirgin ruwa ba zan ce komai a kansa ba sai dai Allah ya saka wa wanda ya riƙe mini bokiti. A cikinsa muka ɗaura harami. Daga Jidda mota ta ɗauke mu, kafin a shiga Makka aka tsaya a wani wuri mai ginshiƙai a gefen hanya, askarawa suka hau suna duba takardu suna duban fuskoki. Aka ce mana nan ne iyaka, wanda ba Musulmi ba ba ya wuce nan, in kuwa ya saci jiki ya shiga aka gane shi, to ya shiga uku. Na ji wani alfahari ya kama ni a wurin, ban ɓoye ba. Da na ga Ka'aba kuwa alfaharin ya zube, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu.

Wakilin muɗawwifinmu, wato mai kula da alhazan ƙasarmu, ya sauke mu a unguwar Misfala, kudu da Harami, a gidan wani dattijo da ake kira Ammu Bakur. Kakansa Bazazzagi ne da ya zo da ƙafa, shi kuwa a Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. In ya ce dahhin, yanzu ke nan. In ya ce halas, magana ta ƙare. Gidan bene ne mai hawa uku, matsattse, zafi kamar gidan burodi, ruwa sai 'yan garuwa sun hauro da shi, yawancinsu kuma yaranmu ne na Hausa da Barno. Da safe a ci wake dafaffe da mai, ful suke ce masa, da wata faffaɗar gurasa. In marmarin gida ya taso sai a taka zuwa Mansur, inda matan Takari ke sayar da waina da fura har da daddawa.

A hawa na sama akwai wasu baƙi biyar da ban taɓa ganin irinsu ba, gajeru, masu fararen huluna da ɗan gemu tsilli-tsilli. Ammu Bakur ya ce Sinawa ne, sun gudo daga ƙasarsu da mulki ya juya, sun haura wani dogon dutse da ƙafa kafin su kai teku. Kullum muna leƙensu. Su murza ƙullu su ja shi da hannu ya zama dogayen zaruruwa, su dafa, su ci da tsinke biyu, ko ɗaya ba ya faɗuwa. Ruwan zafi suke sha tsagwaronsa a wannan zafin. Amma butar alwalarsu kamar tamu, kuma ba a riga su zuwa Harami. Malam Tanimu ya lura ba sa sakin hannu a salla kamar mu, ya riƙe abin a ransa.

Kafin nan ƙafar Rabi ta ɓaci. Diddigen ya kumbura, kumburin ya hau ƙwauri, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe ta. Na yi duk abin da na gada. Na yi tsaga, na kafa ƙaho, na yi sakiya, na ɗaura lalle. Kullum gara jiya. Saura kwana goma sha biyu a hau Arfa, ga matar da ta yi wata tara a hanya ba ta iya zuwa bayan gida sai na riƙe ta. Ammu Bakur ya leƙo ya ga ƙafar, ya ce, "Ya hajji, halas, ka ajiye ƙahon nan. Akwai hakim, wato likita, a sama, dahhin zan sauko da shi." Ban so ba, amma ban da bakin musu.

Ya sauko da ɗaya daga cikin Sinawan, mutum mai kamar shekara hamsin, siriri, marar hayaniya. Sunansa Ishaƙu, muka mai da shi Isiyaku Basine. Ya zo da wani akwatin ƙarfe. Bai taɓa ƙafar ba sai da ya sa aka hura wuta, ya zuba wuƙarsa da almakashi da hantsaki a tukunya suka tafasa. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya daɗe yana cuɗawa, ya ɗaga hannayen sama bai yarda sun taɓa komai ba. Ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle. Sannan ya tsaya, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Da ya buɗe ido ya tsaga wurin, mugunya ta yi ta zuba, ya sa hantsaki ya zaro wani ɗan ɓallin farin dutse da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya nuna mini shi a tafin ƙyalle. Na gane ni ne na ɗaure ciwon da dutsen a ciki.

Ni kuwa tun daga tafasa wuƙar nan zargi ya shige ni, don na taɓa ganin wannan aiki. Shekarun baya na kai kawuna asibitin mishan a Kano cire yanar ido, na leƙa ta taga. Haka Baturen ya yi, tafasawa, wanke hannu, ɗaga hannu, sunkuyar da kai da rufe ido, ba abin da ya bambanta. Da Isiyaku ya juya zai rufe akwatin na saci kallo. A bayan murfin akwai alamar gicciye da aka kankare amma ba ta fita duka ba, a ciki kuma hoton wata mace da fararen kaya, da ɗan gicciye a wuyanta.

Kwana uku zazzaɓin ya sauka. Kwana biyar Rabi ta taka da sanda. Kullum da hantsi Isiyaku zai sauko ya wanke ciwon ya sake ɗauri, in ta yi masa godiya ya dafa ƙirji ya koma sama. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi. Amma mutanen gidan da ke kawo mini kai da wuya sun koma hawa bene, har ana cewa a gabana hannun Basinen nan da albarka yake. Ran nan muna dawowa daga azahar na ce wa Malam Tanimu, tsakanina da shi, aikin mutumin nan aikin 'yan mishan ne, na kuma gaya masa abin da na gani a akwati. Na ce kada ya faɗa wa kowa. Na san wanda nake gaya wa. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa ba: na san sarai maganar ba za ta kai la'asar a cikinsa ba.

Ba ta kai ba. Washegari duk layin an san akwai Kirista a gidan Ammu Bakur. Jibi maganar ta zama ɗan leƙen asirin Nasara ne, ya zo auna Ka'aba. 'Yan garuwa suka daina kai ruwa hawa na uku. Da Rabi ta ji daga ina maganar ta fito, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo ƙafar gabana ta ce, "Malam, dubi nan. Mutumin da ya yi wannan ka kai ƙara? Ba addini ne ya dame ka ba, ƙahonka ne da aka ce ka ajiye." Daga nan ta juya fuska bango, ta bar yi mini magana.

Saura kwana huɗu Arfa wakilin muɗawwifi ya zo da kansa bayan la'asar, aka taru a tsakar gida. Ya ce magana ta kai sama, in ba a warware ta yau ba dole ya miƙa mutumin ga askarawa, mafi sauƙin abin da zai same shi a fitar da shi Jidda, ba Arfa ba hajji. Takardun Sinawan na tsohuwar gwamnatinsu ne wadda ta faɗi, ba mai tsaya musu. 'Yan'uwansa huɗu suka rantse Musulmi ne ɗan Musulmi, aka ce ai su nasa ne. Sai aka ce ya yi bayani da bakinsa. Larabcinsa na littafi ne, a hankali yake jero shi, Ammu Bakur yana juya mana da Hausa.

Na zaci zai musa. Bai musa komai ba. Ya ce akwatin na asibitin mishan ne, a can ya koyi aiki, matar da ke hoton kuma ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, Kirista ce. Garinsu yana can yammacin ƙasar Sin, bakin wani babban kogi mai jan ruwa, Musulmi sun daɗe a wurin da masallatansu. Wata shekara ta yunwa ubansu ya rasu, uwarsu ta kai su ƙofar asibitin don ana raba kunu. Shi yana da shekara goma sha biyu, ya riga ya yi nisa a allo, ita tana da biyar. A ƙasarsu a lokacin ana naɗe ƙafafun 'ya'ya mata da tsumma tun suna ƙanana don kada su girma, mace ta tashi ba ta iya tafiya sai dogarawa. Matan mishan suka kwance na ƙanwarsa, suka koya mata karatu da jinya. Da ta girma ta shiga addininsu, ba wanda ya tilasta ta. Shi ya fara da shara, ya koma wanke ciwo, ya shekara ashirin da biyar a wurin. Kowace safiya likitan zai yi masa wa'azi, shi kuma ya saurara ya zagaya bayan ɗakin magani ya yi sallarsa, har suka tsufa ba wanda ya ja wani.

Ya ce cikin Musulmin garin waɗanda suka bi mishan ba su cika hannu biyu ba. Amma cikin sauran Sinawa masu yi wa kakanni turare a kabari, ƙauyuka ne suka bi. Wasu sun bar shan wani hayaƙi mai kashe jiki, sun sa 'ya'yansu mata a makaranta. Wasu gidajen kuma sun tsage biyu, don wanda ya shiga ba ya ƙara durƙusa wa kakanni, uba ya ga ɗansa ya yashe shi tun yana da rai. Dangin Isiyaku kuwa suka ce ƙanwarsa ta mutu a wurinsu. Shi bai daina zuwa gidanta ba. Ta ware masa tukunyarsa da kwanonsa da tsinkensa a wani kwando, abin da naman alade bai taɓa kusanta ba, ba mai taɓa su sai ranar da ya zo. Ina jin wannan na tuna Maguzawan bayan garinmu da suka bi mishan. Shekara nawa ina yi musu aski, ban taɓa tambayar yadda ake kwana a gidajensu ba.

Sai sabuwar gwamnati ta zo, wadda ba ta ƙaunar addinin kowa. Turawan mishan suka kwashe suka tafi, aka karɓe asibitin. Mutane suka ce shi ke nan, addinin Bature zai bi Bature. Bai bi ba. Ƙanwarsa da maƙwabta suke taruwa a ɗakinta, su rufe ƙofa su yi waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa, ba Bature ko ɗaya. Da zai gudo ya roƙe ta ta biyo shi, ta ce in ta tafi wa zai wanke wa mutane ciwo. Ita ta ba shi akwatin. Ita ta sayo masa farin yadin harami, don ƙauna har ta kalmashe masa bakinsa da ƙananan ɗinki, ba ta san ba a son ɗinki a harami ba. A jirgin ruwa ya zauna ya warware ɗinkin zare ɗaya-ɗaya. Rufe ido kuwa, ya ce daga likitan ya koya cewa ba a yanka naman ɗan Adam sai an nemi izinin Mai shi. Likitan yana roƙo irin nasa, shi Fatiha yake karantawa.

Gaskiyar nan ba ta taimake shi ba. Malam Tanimu ya miƙe ya ce wanda ya shekara ashirin da biyar yana jin wa'azin Nasara, yana cin abinci a gidan Kirista, yana yawo da gicciye har cikin Harami, a gaya masa me ya rage. Wasu suka gyaɗa kai. Wakilin ya share gumi, ya duba taron, idonsa ya faɗo kaina. Ya ce ai abin da sauƙi, tunda ga wanzami. A shiga da shi ɗaki in duba ko an yi masa kaciya.

Da Ammu Bakur ya juya wa Isiyaku maganar, Basinen nan fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya wuce ɗakin ajiyar gawayi, na bi shi na tura ƙofa. Ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar lokacin ba. Mutumin da ya tsugunna gaban matata yana wanke mata mugunya, yau shi zai kwance mini zane saboda bakina. Ya zauna a kan wani akwati, ya kau da kai, ya fara tattare zanen daga ƙasa. Ya kai gwiwa na riƙe hannunsa.

Wanzami jiki yake karantawa, shi ne allonsa. A gwiwoyinsa akwai kanta, amma wannan ba hujja ba ce, masu durƙuso a coci ma suna iya samunta. Abin da ya tsayar da ni idon sawunsa na hagu ne, ta waje. Kanta ce baƙa ƙirin, mai kauri kamar fatar kirgi, ta bi gefen ƙafar har bayan yatsu. Na dama kuwa sumul. Ba abin da ke yi wa mutum wannan a ƙafa ɗaya sai zaman tahiya, sau biyar a yini, shekara da shekaru, a kan ƙasa mai tauri. Na sauke masa zanensa. Na ce masa da guntun Larabcin Madani ya yafe mini, ni ne na fara maganar. Ya dube ni ya ce ya sani tun ranar, ya ga lokacin da na leƙa akwatin.

Muka fito. Wakilin ya ce, "Ka gani?" Na ce, "Ban duba abin da ka ce ba, kuma ba zan duba ba. Na ga abin da ya fi shi." Na roƙi Isiyaku ya miƙo ƙafar hagu, na yi bayani, na ce duk wanda ke shakka ya tuɓe takalmi a gwada. Sai ga manyan mutane kowa ya sunkuya yana duba idon sawunsa. Ta Malam Tanimu akwai, amma ba ta kai rabin ta Basine ba, ya ja riga ya rufe. Wakilin ya duba tasa ya yi 'yar dariya. Ya ce shi ya gamsu, sai dai magana ta riga ta wuce hannunsa, dole ya kai mutumin a yi masa tambayoyi, kuma ana bukatar wanda ba ɗan ƙasarsu ba ya tsaya masa. In ta fito ƙarya ce, mai tsayawar ma ba zai ga Arfa ba. Na ce a kai ni. A wani ofis da ban san sunansa ba na dangwala yatsa, aka ce in tafi, shi ya zauna.

Kwana biyu ba labari. Ranar fita Mina ta zo, Sinawa huɗu suka sauko da ƙunshinsu, suka tsaya a ƙofa suna duban layi har aka ce mota za ta tashi. Na yi sallolin Mina jikina ne kawai a wurin. Ina ta lissafin dutsen da ya haura da ƙafa, da tekun da ya ƙetare, da ƙanwar da ya bari, duk don yini ɗaya, ni kuma na tsaya masa a ƙofar yinin da baki.

Ranar Arfa, bayan an haɗa azahar da la'asar, Rabi ta yi mini maganarta ta farko cikin kwana biyar. Ta ce in tashi in nemo shi, ita tana da bakin yi wa kanta addu'a. Na fita cikin rana ina bin tantuna ina cewa Sini, Sini. Wani ya nuna mini gabas, na tarar da mutanen Jawa, suka ba ni ruwa. Wani ya tura ni wajen mutanen Buhara. Kowa fari biyu ya ɗaura, kowa kansa a buɗe, ba hula balle in gane ta. Takalmina ya tsinke na yar da shi. Rana ta yi sanyi, ta fara yin ja, mutane suka miƙe tsaye suna kuka, ni kuwa na san in ta faɗi ba ya cikin filin nan, to na hana Musulmi hajji, kuma ban san da wane baki zan roƙi nawa ba.

Can gefen dutsen Arfa, bayan wasu raƙuma, na hangi mutum huɗu gajeru a jere. Na ƙirga su sau biyu. Sai na ga na biyar a ɗan gaba da su, siriri, ƙura har gwiwa. Ashe da hantsin ranar aka sallame shi, ya rasa mota, ya tako da ƙafa tun daga Makka. Na zauna a ƙasa ina cewa alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba. Na yi kuka har da majina, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ya waiwayo ya gan ni. Na buɗe baki zan sake ba shi haƙuri, ya girgiza kai ya nuna rana, wato ba lokaci. Ya kama hannuna ya tsayar da ni kusa da shi. Ya ce a hankali yadda zan gane, "Mutanena da yawa, ni kaɗai ne na iso. Zan kira sunayensu, kai ka ce amin."

Ya ɗaga hannu ya fara. Uwarsa, ubansa, malaminsa na allo, maƙwabta, sunaye masu wuyar faɗa, ina amin. Ya kira likitan da ya koya masa aiki, na ce amin. Sannan ya kira sunan ƙanwarsa, ya roƙi Allah ya tsare ta a bayan ƙofar nan da take rufewa, ya shirye su gaba ɗaya, ya sa su sake cin abinci a ɗaki ɗaya. Ya juyo yana jira na.

Na ce amin da ƙarfi, har mutanen da ke gabanmu suka waiwayo.